Yadda Ƙaramar Hukuma Za Ta Raba Filin Wasa Tsakanin Masu Nemansa

Fili ɗaya, masu nema barkatai. Kulob ɗin manya yana son yammacin Asabar saboda wasan gasa. Makarantar da ke kusa tana son safiyar ranakun karatu. Ƙungiyar 'yan mata ta daɗe tana roƙon a ba ta ko da awa biyu. Masu gudu suna zagaya gefe, ga kuma yaran unguwa da ba su da kulob, ba su da takarda, ƙwallonsu kawai suke rungumowa su zo. Kowa a cikinsu yana da gaskiyarsa, kuma ƙorafin kowa a teburin ƙaramar hukuma yake ƙarewa.

Wannan jagora na kansiloli ne da ma'aikatan da aka ɗora wa kula da filaye, da kuma shugabannin ƙungiyoyin da suke son sanin abin da ya kamata su nema. Abin da nake son ku riƙe tun daga farko shi ne: a rubuta ƙa'idar rabo kafin a ga sunayen masu nema. Duk sauran matakan, ko dai shiri ne na rubuta ƙa'idar, ko kuma hanyar tsare ta bayan an rubuta.

Mataki na farko: ku san abin da ke hannunku

Kafin a raba abu sai an san girmansa. Ku fita da ƙafarku, da igiyar awo da littafi, ku zagaya kowane fili. Wa ke da takardar mallakarsa? Akwai wata tsohuwar yarjejeniya da ta ba wani kulob ko wata makaranta iko a kansa? Akwai ruwa, da bayan gida, da ɗakin canza kaya, da fitilu? Mai keken guragu zai iya shiga?

Sannan ku auna. Dokar ƙwallon ƙafa ta yarda da filin manya mai tsawon mita 90 zuwa 120 da faɗin mita 45 zuwa 90. Filin ƙwallon kwando mita 28 ne da 15, na ƙwallon raga 18 da 9, na ƙwallon hannu 40 da 20. Waɗannan alƙaluma za su yi muku amfani nan gaba, domin sau da yawa wani lungu da ake ganin bai da amfani a bayan raga zai ɗauki filin ƙwallon raga har biyu, ya rage cunkoso a babban fili.

Abin da aka fi mantawa a wannan mataki shi ne ita kanta ciyawar. Je ka tsaya a bakin raga a tsakiyar kakar wasa ka duba ƙasa. Inda mai tsaron gida yake tsayawa ya zama rami mai santsi, wurin bugun fenariti ya koma tsurar ƙasa, da'irar tsakiya ta yi sanƙo, amma can kusurwa ciyawa na nan kore shar. Idan aka yi ruwa, ramin nan ya cika, yaro ya zo da gudu ya turguɗe. Ciyawa abu ne mai rai, tana da iyakar takun da za ta ɗauka kafin saiwarta ta mutu. A Ingila, ma'aunin da ƙananan hukumomi suke amfani da shi daga hukumar ƙwallon ƙafar ƙasar ya ƙiyasta cewa filin manya mai kyau yana ɗaukar kimanin wasa 3 a mako, matsakaici wasa 2, wanda ya lalace kuwa wasa 1. Yanayin ƙasa da ruwan sama sun bambanta daga wuri zuwa wuri, don haka kada ku kwafi alƙaluman ido rufe. Ku zauna da mai kula da filin, shi ne ya san lokacin da ƙasar take gajiya. Amma ku fito da adadi, ku rubuta shi. Filin da ba ciyawa ma yana da tasa iyakar: ƙura a lokacin rani, zaizaya da kwatami a lokacin ruwa.

Yanzu ku ƙirga awannin da ake rububi a kansu. A ce fili ba shi da fitila. Daga ƙarfe 4 zuwa 7 na yamma, kwana biyar, awa 15 ke nan. Ranakun hutu biyu, awa 8 kowace rana, 16 ke nan. Duka 31. Sauran awannin mako ba mai faɗa a kansu, domin ƙarfe 11 na safiyar Talata kowa yana wurin aiki ko makaranta. Rigimar duka a kan awa 31 ɗin nan take, kuma ciyawa ba za ta ɗauke su gaba ɗaya ba.

Mataki na biyu: ku ƙirga masu amfani, har da waɗanda ba su rubuto ba

Kulob mai sakatare da hatimi zai rubuto takarda. Dattijan da ke tattaki da sassafe ba za su rubuto ba, haka yaran da ke buga ƙwallo bayan an tashi makaranta, haka matan da suke son motsa jiki amma suka leƙo sau biyu suka ga fili cike da maza suka koma gida. Idan kuka dogara da takardun da suka zo ofis kaɗai, za ku raba dukiyar jama'a tsakanin waɗanda suka iya rubutu da bin ofis.

Saboda haka a sa mutum ya zauna a filin na tsawon mako biyu ko uku, safe da yamma, yana rubuta waɗanda suka zo, da yawansu, da kimanin shekarunsu, da tsawon lokacin da suka yi. Abin da wannan ƙidaya kan tona yana da yawa. Kulob ɗin da ya ce yana atisaye sau huɗu a mako, sai a tarar sau biyu yake zuwa. Wanda ya rubuta 'yan wasa sittin, sai a ga goma sha biyar. Bayan ƙidaya a kira taro na kowa da kowa, a lokacin da mai aiki da mai raino za su iya halarta, kuma a gayyaci maƙwabtan filin. Su ne suke shan hayaniya da hasken fitila da motocin da ake ajiye musu a ƙofar gida, kuma idan ba a ji ta bakinsu yanzu ba, za a ji daga baya a cikin fushi.

Mataki na uku: ku rubuta ƙa'ida

Nan ne aikin yake, kuma nan ya kamata majalisa ta ɓata lokacinta. Dalilin da ya sa nake nacewa a rubuta kafin a karɓi takardun nema a fili yake. Da zarar kansila ya ga cewa ƙa'ida kaza za ta hana kulob ɗin unguwarsu yammacin Asabar, ba zai ƙara iya kallon ƙa'idar da idon adalci ba, ko da mutumin kirki ne. Idan kuwa ba wanda ya san wa za ta taimaka, wa za ta ƙuntata wa, kowa zai so ta zama mai adalci, don bai san gefen da zai faɗa ba.

Ƙa'idar ta fara da jerin fifiko. Wanda aka fi gani, kuma wanda nake ganin ya dace, shi ne mazauna yankin su riga na waje, tunda da harajinsu ake kula da filin. Ƙungiyar da ba ta neman riba ta riga mai kasuwanci. Yara da makarantu su sami lokacin da rana ba ta faɗi ba. Wasan gasa da wata hukuma ta riga ta sa wa rana ya riga atisaye, domin atisaye ana iya matsar da shi. Taron da ba na wasa ba, irin wanda ake kafa rumfuna ana shigo da motoci, ya zo a ƙarshe, kuma da sharaɗi mai tsanani, saboda tayar mota ɗaya a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa tana iya yin ɓarnar da wasa goma ba su yi ba.

Sai babbar tambaya: wanda ya daɗe a fili fa? Kulob ɗin da ya shekara talatin yana buga wasa a wuri ɗaya zai ce filin gidansa ne, kuma maganarsa tana da nauyi. Wataƙila mambobinsa ne suka cike ramuka, suka sayi raga, suka share ƙaya lokacin da hukuma ta yi watsi da wurin. Kulob ba ya ɗorewa idan kowace shekara bai san inda zai buga wasa ba. Rashin adalci ne a share wannan tarihi da alƙalami ɗaya. Amma daɗewa ba ta mayar da filin jama'a mallakar kowa. Idan aka ce duk wanda ya riƙe lokaci bara shi zai riƙe bana, to an rufe ƙofa har abada ga duk wanda ya zo daga baya, kuma waɗanda suka zo daga baya galibi su ne waɗanda aka hana zuwa tun farko.

Tarihin ƙwallon mata a Ingila ya isa misali. A Disamba 1920 mutum kimanin 53,000 suka cika filin Goodison Park da ke Liverpool don kallon wasan mata. A Disamba 1921 hukumar ƙwallon ƙafar ƙasar ta hana mata buga wasa a filayen kulob-kulob da ke ƙarƙashinta, kuma haramcin ya kai kusan shekara 50. Duk wanda ya zo bayan haka ya ce ai mata ba su da tarihi a filin nan, ya faɗi gaskiya, amma ya ɓoye dalili. Wannan ne ya sa wasu wurare suka mai da abin doka. A jihar Biktoriya ta Ostireliya, daga Yuli 2024, ƙaramar hukumar da ke son tallafin gwamnatin jiha na gina wuraren wasa dole ta kasance tana da rubutacciyar manufa ta ba mata da 'yan mata dama daidai da ta maza wajen amfani da filaye.

Hanyar da na ga ta fi dacewa ita ce a ba daɗewa maki, amma kada makin ya rinjayi sauran duka. A ce an ware maki 100: a ba yawan 'yan wasa mazauna yankin kaso mafi girma, a ba buɗe ƙofa ga yara da mata da masu naƙasa kaso mai tsoka, a ba yadda ƙungiya ta kula da fili da biyan kuɗi a kan lokaci nasa kason, sannan daɗewa ta sami nata. Yadda za ku rarraba makin ya rage naku, amma a buga shi kowa ya gani. Bugu da ƙari, a ware wani ɓangare na lokutan rububi, ko da awa uku ko huɗu ne a mako, wanda ba a ba kowa fifikon tarihi a kansa, don sabuwar ƙungiya ta sami wurin sa ƙafa.

Kada a yaudari kai da ƙirga awanni kawai. Idan aka ba maza awa shida a yammacin Asabar da Lahadi, aka ba mata awa shida da tsakar rana mai ƙuna ko bayan duhu ya yi, a takarda an yi daidai, a zahiri kuwa an kore su. Uwa ba za ta bar 'yarta ta dawo gida ƙarfe goma na dare ba, bayan wata biyu ƙungiyar ta watse, sai a ce ai dama ba sa so. Ƙa'ida ta faɗi ƙarara cewa lokuta masu kyau da fili mafi kyau da ɗakin canza kaya duk suna cikin abin rabo.

Abu na ƙarshe da ƙa'ida za ta ƙunsa, kuma wanda ba wanda zai zo ofis ya nema, shi ne lokacin da ba a ba kowa ba. Wasu awanni a kowane mako, cikin lokuta masu kyau, a bar fili a buɗe ga duk wanda ya zo. Yaron da ba shi da kuɗin rajistar kulob ba shi da mai magana da yawunsa a zauren majalisa, in ba kansilan da ya tuna da shi ba.

Mataki na huɗu: karɓar takardun nema

Wannan ba shi da wuya. Fom ɗaya ga kowa, ranar buɗewa ɗaya, ranar rufewa ɗaya, a sanar aƙalla wata guda kafin lokaci, a allon filin da ofis da intanet. Kowace ƙungiya ta kawo jerin 'yan wasanta, da sunan wanda zai ɗauki alhaki, da shaidar inshora inda doka ta buƙata, da zaɓi uku na lokaci maimakon ɗaya. Ƙungiyar yara ta nuna yadda take tantance masu horarwa. Wanda ya makara ya jira abin da ya rage. A sa ma'aikaci ya taimaka wa wanda cike fom ke yi wa wuya.

Mataki na biyar: zana jadawali

Ma'aikata ne za su zana, ba 'yan siyasa ba. Su fara da cire lokacin hutun fili: rana ɗaya aƙalla a mako, da makonni a ƙarshen kaka don shuka da cike ramuka. Idan aka bar hutun ya zama abin da ya rage bayan kowa ya samu, ba abin da zai rage.

Daga nan a nemi duk wata dabara ta faɗaɗa abin da ake da shi kafin a ce wa kowa a'a. Yara ƙanana ba sa buƙatar filin manya. Filin 'yan bakwai-bakwai kimanin mita 55 ne da 37, don haka biyu za su shiga a gicciye cikin fili mai mita 100 da 64, har a bar rata a tsakani. Ƙungiyoyi biyu ke nan a awa ɗaya, kuma takunsu ya kauce wa bakin ragar manya da ta riga ta gaji. Atisaye ma ba ya buƙatar fili duka. Rabi ya isa, kuma a hana yin sa a bakin raga. Idan ana amfani da raga mai ɗaukuwa, to dole a kafe ta a ƙasa. Dokar wasan ta wajabta haka, domin raga tana faɗowa kan yara idan suka yi lilo da ita, kuma an yi asarar rayuka ta wannan hanya.

A bar tazara tsakanin masu fita da masu shiga. Wasan manya minti 90 ne, ga hutun rabin lokaci da ya kai minti 15, ga ƙarin lokaci, ga ɗumama jiki. Wanda ya ba wasa awa ɗaya da rabi a jadawali ya shirya faɗa da hannunsa. Ka ga yadda abin yake faruwa: ƙarfe shida ta buga, saura minti bakwai a tashi, ci ɗaya da ɗaya, sai ga wasu mutum ashirin sun jeru a bakin layi da takalmansu, kocinsu yana nuna agogo, wani ya riga ya turo ƙwallo cikin fili. Ba mai laifi a cikinsu, jadawali ne ya haɗa su. A ba wasa awa biyu cur, a ƙara minti 15 na sauyi.

Idan ƙungiyoyi biyu suka zo da maki kusan ɗaya kuma suna son lokaci ɗaya, a fara haɗa su a ɗaki guda tare da jadawalin a gabansu. Sau da yawa su da kansu suke gano mafitar da ma'aikaci ba zai gano ba, domin sun san ranakun da suke wasa a waje. Kulob biyu za su iya raba yammacin Asabar ɗaya idan masu shirya gasa suka tsara cewa ranar da wannan yake gida, wancan yana waje. Idan sulhu ya ƙi, a yi karɓa-karɓa, mako-mako ko rabin kaka-rabin kaka. Idan wannan ma bai yiwu ba, a jefa ƙuri'a a bainar jama'a, wanda ya rasa bana a ba shi fifiko baɗi.

Wasanni mabambanta a fili ɗaya suna da tasu matsalar. Inda ake kurket da ƙwallon ƙafa a wuri guda, tsakiyar filin kurket tana buƙatar kariya daga takalma masu ƙusa, kuma sai an sa ranar da kaka ɗaya take miƙa wa ɗaya fili, da makonnin gyara a tsakani. Inda hanyar gudu ta mita 400 ta kewaye filin ƙwallo, masu gudu da masu ƙwallo za su iya haɗuwa a lokacin atisaye, amma ba lokacin jifan mashi ko faifai ba.

Mataki na shida: zaman yanke hukunci

A fitar da daftarin jadawali mako biyu kafin zama, a karɓi gyara. Ranar zama ƙofa ta kasance a buɗe. Duk kansilan da yake shugaba ko uban ƙungiya ko mai ɗaukar nauyin wani kulob, ko ɗansa yana bugawa a ciki, ya faɗa da bakinsa, a rubuta, ya fita daga ɗakin lokacin da ake maganar. Wannan ba zargi ba ne, kariya ce gare shi da kuma hukuncin.

Aikin majalisa a wannan zama shi ne ta tabbatar an bi ƙa'idar da ita kanta ta rubuta. Idan ta ga dalilin kauce mata, ta rubuta dalilin. Kowace ƙungiyar da ba ta sami abin da ta nema ba a ba ta amsa a rubuce: ga makinku, ga na wanda ya samu, ga abin da aka ba ku a madadi. Mutum yana iya haƙura da rashi idan ya ga lissafin, amma "an riga an bayar" ba ta kwantar da zuciyar kowa. A buɗe hanyar ɗaukaka ƙara mai gajeren wa'adi, kamar kwana 14, a gaban mutanen da ba su da hannu a hukuncin farko.

Mataki na bakwai: yarjejeniya, kuɗi da makulli

Kowace ƙungiya ta sa hannu a takardar da ta ce izinin amfani aka ba ta na kaka ɗaya, a lokaci kaza. Takardar ta fayyace wa zai zana layi, wa zai kwashe shara, wa zai kulle ƙofa, kuma ta hana ƙungiya sayar da lokacinta ko ba da shi haya. Wannan na ƙarshen yana da muhimmanci, domin inda fili ya yi ƙaranci, mai riƙe da lokaci yakan koma dillali a kan dukiyar da ba tasa ba.

Kuɗi ya bambanta bisa ga mai nema: yara da makarantu kaɗan ko kyauta, manya fiye da haka, mai kasuwanci cikakken farashi. A biya ta hanyar da ke barin shaida, kuma jama'a su ga cewa abin da aka tara yana komawa kan filin.

Ku yi hattara da kulob mai hali da zai ce zai gyara fili da kuɗinsa idan aka ba shi shekaru masu yawa. Tayin yana iya zama alheri, musamman ga hukumar da aljihunta ya bushe. Amma a rubuta awannin da za su ci gaba da zama na jama'a, da ranar da yarjejeniyar za ta ƙare, da cewa duk abin da aka gina ya zama na filin. Makulli kuma kada ya taɓa zama a hannun ƙungiya ɗaya ita kaɗai. Mai riƙe da makulli shi ne mai fili, ko me takarda ta ce.

Mataki na takwas: sa ido

Elinor Ostrom, wadda ta sami kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2009, ta shafe shekaru tana nazarin yadda al'ummomi suke raba abin da suka yi tarayya a kansa, kamar ruwan ban-ruwa da dazuzzuka da wuraren kamun kifi. Daga cikin abubuwan da ta gano a wuraren da tsarin ya ɗore akwai sanin iyakar masu haƙƙi, da sa masu amfani cikin tsara doka, da sa ido na gaske, da hukunci mai hawa-hawa, da hanyar sasanci mai sauƙi kuma kusa. Filin wasa bai fita daga wannan ba.

A manna jadawali a ƙofar fili inda kowa zai karanta, domin masu amfani su ne 'yan sa ido mafi arha. Mai kula da fili ya riƙe littafin halarta. Ƙungiyar da ta bar lokacinta ba kowa sau uku a jere ba tare da sanarwa ba, a karɓe a ba na kan layi. Wadda ta san ba za ta zo ba ta sanar da wuri, a saki lokacin ga wasu, kuma a lissafa mata wannan a matsayin kyakkyawan hali. Hukunci ya tafi daki-daki: jan kunne da baki, gargaɗi a rubuce, dakatarwa na mako ɗaya ko biyu, sannan kora. Idan aka fara da kora, ba ma'aikacin da zai yarda ya zartar, sai dokar ta mutu. Kuma ya hau kan babban kulob kamar yadda yake hawa kan ƙarami. Ranar da aka ɗaga wa babba ƙafa, kowa ya gani.

Mutum ɗaya tak za a ba ikon rufe fili idan an yi ruwa, kuma maganarsa ta zama ta ƙarshe, ko da wasan ƙarshe na gasa ne. Gwajin ba wuya: ka taka ƙasa, idan ruwa ya tsatso a gefen takalminka, ba wasa. Wasa ɗaya a kan irin wannan ƙasa yana iya jawo wa kowa asarar makonni. Idan ana tsawa kuwa a fitar da kowa, a jira minti 30 bayan tsawar ƙarshe, kamar yadda hukumomin wasanni da yawa suke umarta. A tanadi wasu ranaku a ƙarshen kaka don rama wasannin da aka ɗage, don kada ramuwar wani ta ci lokacin wani.

Idan filin ya gaza duk da haka

Wani lokaci lissafi zai nuna cewa ko an yi adalci iya adalci, masu nema sun fi ƙarfin fili. A nan jerin waɗanda aka mayar hannu rabbana ya zama hujja a gaban masu kasafin kuɗi, don haka a adana shi. Mafita mafi sauƙi galibi tana bayan katangar makarantu, inda filaye suke zaune ba kowa da yamma da ranakun hutu. Yarjejeniya a kan gadi da shara da gyaran ɓarna tana iya buɗe su. Fitilu suna ƙara awanni, amma ba sa ƙara wa ciyawa ƙarfi, kuma sai an yi magana da maƙwabta a kan lokacin kashewa. Ciyawar roba tana ɗaukar amfani ninkin-ba-ninkin na ciyawar gaske, sai dai tana ɗaukar zafi sosai a rana, kuma shimfiɗarta tana buƙatar sauyi bayan kimanin shekara goma, kuɗin da ya kamata a fara tarawa tun ranar buɗewa. Tarayyar Turai ma ta zartar a 2023 cewa daga 2031 za a daina sayar da ɓarɓashin robar da ake zubawa a irin waɗannan filaye, saboda yadda yake gurɓata muhalli, don haka mai shirin ginawa ya tambayi abin da za a zuba a ciki.

A ƙarshen kowace kaka a sake kiran taron nan na farko, a ɗora littafin halarta kusa da jadawali a gwada su: awa nawa aka bayar, nawa aka yi amfani da su, kaso nawa na lokutan rububi ya tafi ga yara, nawa ga mata, sau nawa aka rufe fili, ƙorafi nawa ya shigo. Idan ƙa'ida tana buƙatar gyara, a gyara ta a wannan zama, kafin a buɗe karɓar takardun kaka mai zuwa.